Takardar da Ta Kai Ni Maraɗi

Tun da na dawo daga Maraɗi ban sami sukuni ba. A masallaci a tambaye ni, a ofis a tambaye ni, a majalisarmu ta bakin tasha kuwa abin har ya zama wasa. Da na zauna sai wani ya gyara murya ya ce, "Akawu, yaya ruwan can ƙasar, da sanyi?" sauran su fashe da dariya. Na san inda suka dosa. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu, duk magidancin da ya tsallaka iyaka ba da kayan sayarwa ba, mutanen Gwarzo sun gama yanke masa hukunci tun bai dawo ba. Saboda haka na ga ya wajaba in rubuta abin da ya kai ni da abin da na tarar, domin wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta. Ban rage kome ba, har wuraren da ba su ƙara mini daraja ba, waɗanda kuwa su ne suka fi yawa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Ɗahiru, aikina ajiyar takardu, shi ya sa ake ce mini Akawu. Shekaru da dama ke nan ina tattara salsalar zuri'armu, wadda tushenta yake Kabo, wani reshe kuma ya zauna a nan Gwarzo da ƙauyukan Kara. Ƙa'idata guda ce: suna ba ya shiga littafin sai da madogara, kowace madogara kuma sai na faɗi wanda ya rubuta ta, da inda take ajiye, da cewa na gan ta da idona. Wannan ƙa'ida ba ta jawo mini farin jini ba. Akwai ɗan'uwanmu da ya zo da labarin cewa mu jikokin sharifai ne, na ce ya kawo hujja, ya ce kakarsa ce ta gani a mafarki. Har yau in mun haɗu a jana'iza yatsu biyu kawai yake ba ni.

Wani abokin aikina ne ya buɗe mini akwatin imel a wani shagon intanet a Kano, ni kuma na raba adireshin ga fatake da direbobi, ko Allah zai sa a dace da dangin da suka yi nisa. In aiki ya kai ni birni sai in leƙa. Na daɗe ba na samun kome sai saƙonnin wasu zawarawan attajirai da ke neman amintacce irina ya taya su fitar da dukiya. Ran nan sai ga saƙo daga wani Alhaji Isuhu, mai fataucin albasa a Maraɗi, ta hannun ɗansa Laminu.

Alhajin ya ce mahaifinsa Hamidu daga Kabo ya zo tun yana saurayi, ya rasu bai taɓa komawa ba. Yanzu Laminu yana neman 'yar wani malami mai suna Malam Haruna. Yarinya ta amince, uwarta ta amince, amma Malam ya ce ba zai ba da 'yarsa gidan da ba a san dangin uba ba, ya kuma ba su zuwa Babbar Salla, domin akwai wani manemin da ke jira. Roƙon Alhaji Isuhu shi ne in sa su a littafina, in kuma shaida cewa su namu ne. Ya ce ga hujja nan ya maƙala a jikin saƙon.

Mahaifina kuwa yana da wa, uba ɗaya, mai suna Hamidu, wanda ya bi ayari ya yi arewa a wata shekarar yunwa, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Babu mai rai yau a cikinmu da ya taɓa ganinsa.

Hoton ya riƙa buɗewa layi-layi kamar ana saƙa tabarma. Yana kaiwa rabi aka ɗauke wuta, aka ta da janareta, muka sake daga farko. Da aka buga mini shi sai na ga rubutun ajami ne da tawada, takardar ta yi ja, gefenta ya zaizaye. Ga sunan kakanmu Malam Zubairu na Kabo, ga 'ya'yansa a jere, ga Hamidu a cikinsu, ga 'ya'yan Hamidu a ƙasa. Jerin 'ya'yan Malam Zubairu ya yi daidai da nawa suna bayan suna, babu saɓani ko ɗaya. Na dawo Gwarzo na shimfiɗa ta a majalisa, na ce su dubi yadda wani malamin zamanin da, a wata ƙasa, wanda bai san ni ba ban san shi ba, ya tabbatar da bincikena. Na faɗi haka fiye da sau ɗaya, da murya mai ƙarfi kuma.

Sai da na zo shigar da ita a littafi na ga matsala. Mece ce madogarar? Takardar da ke hannuna a Kano aka buga ta, a gabana. Hoton yana cikin na'urar da ba tawa ba. Da na koma na tambayi mai shagon inda ainihin abin yake zaune, sai ya ce, "Baba, ka rubuta Intanet kawai, kowa haka yake yi." Na ce masa Intanet ba mutum ba ne da za a tuhume shi, ba kuma gari ba ne da za a je a duba. Iyakar abin da na iya rubutawa shi ne: hoton takarda, maƙale a saƙon imel daga wane, ranar kaza. Gurbin marubuci, da na ma'ajiya, da na gani da ido, duk suka zauna fayau. Auren ɗan mutane kuma ba zai rataya a kan gurbi fayau da sa hannuna a ƙasa ba. Na nemi hutu a ofis.

Na fara da Kabo, domin ba a yin tafiya irin wannan ba tare da an sanar da Baffa Sule ba, autan su mahaifina, wanda shi ne babbanmu yanzu. Na same shi a zaure yana ɓarar gyaɗa. Bayan mun gaisa ya riƙe takardar nesa da fuskarsa ya karanta.

"Mutumin ya ce shi namu ne?"

"Haka ya ce, Baffa."

"To namu ne mana. Ɗahiru, wa zai yi ƙarya don ya shiga cikinmu, gidan da ko mai unguwa ba mu taɓa yi ba? In gado yake nema, ga kukar bayan gida can, ya zo a ba shi reshe."

Na yi masa bayanin ƙa'ida. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Allah ya kiyaye hanya. Amma ba za ka je musu hannu rabbana ba." Ya sa aka ɗauro mini ƙullin daddawa, irin wadda ke sanar da zuwanta tun daga nesa.

Halin da ake ciki kowa ya sani: albashi sai an ga dama, gidajen mai a rufe, 'yan bumburutu a bakin titi da galan-galan. Motar da na samu zuwa Katsina ta hanyar Dayi ta girmi direbanta. An zuba mata a baya, maza a gaba, bisa sabon tsarin da na goyi baya a bainar jama'a tun farko. Abin da ban hango ba shi ne tsarin zai haɗa ni kujera ɗaya da wani mahauci mai faɗin ƙirji, wanda ya mai da kafaɗata matashi. Direba kuwa duk gangara sai ya kashe inji don tattalin mai, mu tafi shiru kamar masu rakiyar gawa, in an zo hawa ya yi bisimilla ya murɗa makulli. Wani hawan sai da muka sauka muka haɗa da turi. Kafin mu kai Kankiya daddawar Baffa ta ji zafin rana ta fara aiki. Wata Hajiya mai fataucin barkono ta ɗaga murya daga baya ta ce, "Wai wane ne ya ɗauko mana miya ba tuwo?" Na dubi gaba, domin ba a tambaye ni da suna ba.

A Katsina muka sake mota zuwa Maraɗi ta Jibiya, Hajiya da buhunanta na tare da mu. Na shirya wa iyaka shiri na mai ilimi. A jakata akwai katin shaida, da izinin hutu, da katin rigakafi, da shaidar biyan haraji, har da satifiket ɗina na makaranta, kowanne a rigarsa ta leda. A ɓangarenmu an duba an yi murmushi an bar ni. A nasu ɓangaren kuwa, sauran fasinjoji, waɗanda yawancinsu ko katin asibiti ba su da shi, suka gaisa da jandarma hannu a dunƙule, suka koma mota. Ni na miƙa jaka. Jandarman ya buɗe, ya rufe, ya kira na gaba da shi.

"Mushe, mi kake zuwa yi Maraɗi?" in ji babban, mushe kuwa a can kalmar girmamawa ce ta Faransanci.

"Zan je duba wata takarda."

"Waɗanga duka ba su ishe ka ba?"

Suka yanke shawarar cewa mutum mai takardu haka ko ɗan jarida ne ko ɗan leƙen asiri, aka zaunar da ni a benci. Direba ya zo ya raɗa mini cewa in gaisa da su kawai. Na ce na gaishe su, har na tambayi iyalinsu. Ya ce ba irin wannan gaisuwar ba. Na ce wadda yake nufi haramun ce a Shari'a, laifi ce a doka, kuma ba zan fara ta a ƙasar mutane da furfura a kaina ba. Rana ta take, mota na jira. Sai Hajiya mai barkono ta sauko, ta gyara mayafi, ta zo ta tsaya a kaina.

"Malam, kai kaɗai za ka shiga Aljanna, mu kuma mu soye a nan?" Ta juya ga jandarma. "Ranka ya daɗe, dubi mutumin nan da kyau. Wace gwamnati ce za ta aiko ɗan leƙen asiri da daddawa?"

Suka kwance ƙullin don tabbatarwa, suka ɗaure da sauri, suka buga mini hatimi. Ban ba da ko anini ba, ina so a san wannan. Sai dai daga baya na fahimci direba ya gaisa a madadina ya kuma raba nauyin a kan kowa, shi ya sa har Maraɗi babu wanda ya ƙara yi mini magana.

Mun shiga gari dab da magariba. Na ƙudura ba zan sauka gidan Alhaji Isuhu ba sai na ga takarda, domin bai dace mai bincike ya ci abincin wanda zai bincika ba. Na ce wa direba ya kai ni masauki mai mutunci mai sauƙin kuɗi. Ina zaton rabin ƙarshe na maganar kawai ya ji. Ɗakin ba laifi, akwai tabarma da buta. Amma da gari ya waye na fito tsakar gida sai na ga kwalabe jibge a kwana, ga wasu mata na wanki suna Hausar Kano tsantsa, suna kirana Alhaji da wata irin murya. A nan na gane inda waɗanda aka kora daga garuruwanmu suka koma. Ina sauri in fita muka yi kiciɓis da wani mutumin Gwarzo, wanda kowa a majalisa ya sani, wanda kuma ba zan faɗi sunansa ba ko an matsa. Muka tsaya muna kallon juna.

"Akawu! Kai ma?"

"Ni takarda na zo dubawa."

"To, to. Ni ma takardar ce."

Ina kyautata zaton ta bakinsa labarina ya riga ni isowa gida, ya dai cire kansa daga ciki.

A kasuwar albasa aka nuna mini gidan Alhaji Isuhu. Mutum ne dogo, sa'ana, mai saurin hawaye. Yana jin na ce daga Gwarzo ya rungume ni yana cewa, "Ɗan'uwana ya taho! Jinin babana ya taho!" Na ce masa a hankali ai abin da na zo tantancewa ke nan, amma bai ji ba, yana ta aike a gaya wa maƙwabta. Da ya ji inda na kwana ya riƙe baki, ya sa aka kwaso kayana nan take. Ƙudurina na ƙin cin abincinsa ya rushe kafin azahar, a gaban dambun zogale da naman rago.

Mutanen nan Hausawa ne kamar mu, amma Faransa ta bar musu wasu halaye. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, ɓawonsa na yanka dasashi, suna ɗaukarsa a hammata babu leda. Shayi kuwa a 'yan ƙananan gilasai ake kawo shi zagaye bayan zagaye, na farko da ɗaci kamar maganin zazzaɓi, kuma tashi kafin na ƙarshe rashin ladabi ne. Da rana ta take sai gari ya mutu, ofis a rufe, kanti a rufe, kowa ya kwanta. A matsayina na ma'aikaci na yi Allah wadai da wannan a ranar farko. Washegari sai da aka tashe ni sallar la'asar. Furarsu, wadda suke ce wa hura, dole in yi adalci: ta fi tamu.

Duk sanda na ambaci takarda sai Alhaji ya ce, "Tana nan, ba ta tahiya ko'ina. Ci tukuna." Masu zuwa gaishe ni kuwa ba su yanke ba, kowa sai ya ce, "Sannu da zuwa, baffan Laminu." Laminu kansa natsattsen saurayi ne, yana koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ba ya haɗa ido da ni.

Sai da na ce ba zan ƙara kai loma bakina ba, sannan aka shiga ɗakin tsohuwar Alhaji aka sauko da wata gafaka da ke rataye a saman inda take hura wuta lokacin sanyi. Na wanke hannu, na shimfiɗa farin ƙyalle, na fito da madubin ƙara girman rubutu. Ita ce, babu shakka, ja kamar kilishi, tana warin hayaƙi. Sai dai ta fi hoton tsawo. Laminu ya ce gilashin na'urar da ta ɗauki hoton bai kai tsawonta ba, sai suka bar layin ƙarshe, tunda ba sunan kakanni ba ne. Na kai madubi kan layin. Da kyakkyawan hannu an rubuta: Wanda ya tattara, Ɗahiru Akawu, Gwarzo.

Na goge madubin da gefen riga, na sake karantawa.

"Alhaji, daga ina takardar nan ta fito?"

"Daga wurinka mana," in ji shi yana murmushi. "Wani falke mutumin Kabo da ke kawo muna dawa shi ya zo da ita shekarun baya, ya ce wurin wani biki aka raba. Da ya karanta mini na ji sunan babana, na ce ya bar mini. To ni boko ban iya ba, takardar kuma siririya ce kamar ta ƙunshin ƙosai. Na kai ma wani malami ya maishe ta rubutun kirki, ya ƙara sunayenmu ƙarƙashin na baba. Ta bokon gara ta cinye."

Sai na tuna. A zamanin tsuke bakin aljihu na farko, ina sabon fara wannan bincike, na buga jerin 'ya'yan Malam Zubairu a shafi guda da keken rubutu, na raba a wani ɗaurin aure a Kabo. Ashe malamin nan na wata ƙasa da na cika majalisa da yabon ƙwarewarsa ni ne. Na ƙetare iyaka, na tura mota, na kwana inda na kwana, domin in tabbatar da cewa na yarda da kaina.

Da abin a kaina ya tsaya da da sauƙi. Na yi wa Alhaji bayani cewa takardar ta nuna muna da Hamidu da ya ɓata, abin da dama na sani, amma ba ta nuna shi ne Hamidunsa ba. Na tambayi abin da mahaifinsa ya faɗa da bakinsa. Ya ce ba mai son maganar gida ba ne, iyaka ya ce shi mutumin Kabo ne, ubansa malami. Tsohuwa kuma a nan ya aure ta, ba ta taɓa ganin Kabo ba, yanzu ma ji ya yi mata nisa. Na ce Kabo ba ta taɓa rasa mai suna Hamidu ba, malamai kuwa kowane lungu akwai. Murmushin ya bar fuskarsa. Ya dubi gafakar ya ce, "Gobe da hantsi Malam Haruna na jiranmu. Na riga na aika cewa baffan yaro ya iso."

A nan na gane cewa ni na zo duba hujja ne, su kuwa ni ne hujjar da suke jira. Neman aure sai da dangin uba, a can kamar a nan, kuma duk tsawon rayuwarsa Alhaji Isuhu bai taɓa samun wanda zai zauna a damansa ba. Da yamma Laminu ya durƙusa nesa kaɗan da ni ya ce, "Baffa, kalma guda ce za ka faɗa." Na ce masa kalmar shaida ce, shaidar zur kuma tana cikin manyan zunubai. Ya ce, "Haka ne, Baffa," ya tashi. Da ya yi gardama da na fi samun sauƙi.

Da hantsi aka sa ni a gaba, cikin babbar rigar da Alhaji ya ara mini, domin tawa ta riƙe ƙamshin tsarabar Kabo. Malam Haruna tsoho ne ɗan ƙarami mai kaifin ido, zaune a kan buzu, dattawan unguwa a gefensa. Aka yi gaisuwa har ta ƙare, aka sake wata. Sannan ya dube ni.

"Kai ne baffan yaron? To, muna saurare. Naku ne?"

Na miƙe tsaye, abin da babu wanda ya yi a zauren. Na ce zan kasa maganata kashi biyu, abin da na sani da abin da ban sani ba. Na sani muna da Hamidu da ya yi arewa bai dawo ba. Na sani mahaifin Alhaji sunansa Hamidu, ya kuma ce daga Kabo yake. Na sani na zauna a gidansa na ga ana salla a kan lokaci, na ga yaro mai kunya da ladabi. Amma ko Hamidun nan shi ne wancan, ban sani ba, takardar da aka dogara da ita kuma kwafin tawa ce, ba ta da nauyin hujja ko kaɗan. Na bayyana yadda na'ura ta yanke layin ƙarshe. Har na shiga bayanin bambancin madogara ta asali da ta kwafi, sai na lura zaure ya yi tsit, Alhaji Isuhu ya sunkuyar da kai har hularsa na neman faɗuwa. Na zauna.

Malam Haruna ya shiga yi mini tambayoyi.

"Malam Ɗahiru, daga Gwarzo ka taso?"

"Daga can, Allah gafarta Malam."

"Cikin wanga tsadar mai? Shi ya biya maka mota?"

"A'a, ni na biya."

"Gidansa ka sauka? Ka ci abincinsa?"

"Na ci."

"Rigar ga ta jikinka fa?"

"Tasa ce."

"Kuma ka taho gaban maƙwabtansa ka ce takardar da yake taƙama da ita ba ta da amfani."

"Gaskiyar ke nan, Allah gafarta Malam."

Sai tsohon ya fara dariya a hankali, har kafaɗunsa na rawa. Ya juya ga dattawa ya ce, "Na daɗe a zauren ga, na ga baffannin haya iri-iri. Na haya tun bai zauna ba yake rantsuwa, ya ce shi ya yanka ragon sunan yaro. Amma mutum ya baro garinsu da kuɗinsa, ya ci naka, ya sa rigarka, sannan ya tsitsiye ka gaban jama'a, Alhaji Isuhu, bare ba ya yi maka haka. Wanga aikin ɗan uba ne. Na ba ku ɗiyata. A yi fatiha."

Na ɗaga hannu zan nuna cewa wannan hukunci bai inganta ba ta kowace fuska, sai wani dattijo ya ja gefen rigar, ya danna mini goro a tafi, ya ce, "Shafa, Malam, an gama." Na shafa. Alhaji Isuhu ya riƙe hannuna yana kuka yana gode mini kamar na yi wani abin kirki. Muna fitowa na hangi Laminu a bakin lungu, labari ya riga ya kai masa, ya rasa inda zai sa kansa don kunya, sai ya faɗa wani gida da ba nasu ba.

A dawowa na sauka Kabo kafin in wuce gida, na karanta wa Baffa Sule da waɗanda ke zaure abin da na shigar. Na sa Alhaji Isuhu da 'ya'yansa ƙarƙashin Hamidu, da jan layi a gefe, alamar ba a tabbatar ba. A gurbin madogara na rubuta: "Ta ɗaya, hoton takardar ajami maƙale a saƙon imel daga Alhaji Isuhu. Na ga asalinta a gidansa a Maraɗi. Kwafi ce ta wata takarda tawa, ba a kafa hujja da ita. Ta biyu, hukuncin Malam Haruna a gaban shaidu, wanda ya gina a kan halin mai wannan littafi." Na ƙara da baki cewa ni ban gamsu da ta biyun ba.

Baffa ya sa na maimaita masa maganar Malam Haruna daga farko. Ya gyaɗa kai, ya dubi sauran, su ma suka gyaɗa, da saurin da bai yi mini daɗi ba.

"Ɗahiru, goge jan layin nan," in ji shi. "Duk littafinka babu madogarar da ta kai wannan ƙarfi."

Ban goge ba, kuma ba zan goge ba sai hujja ta zo. Amma bayan Salla muka koma Maraɗi da mota cike da mutanen Kabo, kuma da liman ya tambayi waliyyin ango, ni na amsa.